Marigayi Malam Umaru Musa 'Yar'aduwa, Malamin Kimiyya

A cikin mutanen Arewa da suka shugabanci Nijeriya ta hanyar ƙuri'a, uku malaman makaranta ne tun asali. Na fari shi ne Alhaji Abubakar Tafawa Ɓalewa, wanda ya koyar a Midil ta Bauci. Na biyu Alhaji Shehu Shagari, wanda ya koyar da kimiyya a Midil ta Sakkwato. Na uku kuwa shi ne Malam Umaru Musa 'Yar'aduwa, Matawallen Katsina, wanda mu ke so mu ba da tarihinsa yau. Dukansu uku makaranta guda ce ta yaye su, sai dai kowa ya same ta a wani gari dabam, da wani suna dabam. Ɓalewa ya same ta a Katsina tana Kwalejin Katsina, Shagari ya same ta a Kaduna, shi kuwa Malam Umaru ya iske ta a Zariya dab da lokacin da aka raɗa mata suna Barewa.

Labarin mulkinsa sananne ne, an kuwa sha rubuta shi. Abin da ba a cika tsayawa a kansa ba shi ne shekara ashirin da biyar da ya yi cikin makaranta, daga ranar da aka kai shi aji ɗaya har ranar da ya ajiye alli. Mu a nan za mu fi daɗewa, don malamai da ma'aikatan ofis masu 'ya'ya a makaranta, waɗanda kullum su ke tambayarmu ko akwai amfani yaro mai ƙoƙari ya karanta aikin koyarwa.

An haifi Umaru a birnin Katsina ran 16 ga Agusta, 1951. Sunan gidansu ya samo asali daga unguwar 'Yar'aduwa, inda zuriyarsu ta ke. Gidan sarauta ne, amma sarautar tasu ta alƙalami ce da lissafi, gama Matawalle shi ne mai kula da baitulmalin Sarki. Kakansa Malam Umaru, wanda aka mayar masa da sunansa, ya riƙe wannan sarauta, ubansa ma ya riƙe ta, daga baya ta zo kansa. Uban, watau Alhaji Musa 'Yar'aduwa, ɗan Kwalejin Katsina ne, ya kuwa yi shekaru yana koyarwa a Midil ta Katsina kafin ya koma aikin En'e, daga nan ya shiga siyasa ƙarƙashin jam'iyyar NPC, har ya zama Ministan Harkokin Ikko a gwamnatin Tafawa Ɓalewa. Ashe ke nan yaron ya tashi ne a gidan da aka san darajar alli, aka kuma san cewa kuɗin jama'a abin ƙidaya ne, a rubuta, a ajiye. Wansa Shehu, wanda ya girme shi da shekara takwas, shi ya shiga soja.

Cikin 1958 aka sa shi makarantar firamare ta Rafukka a cikin gari. Tsarin wannan zamani shi ne yaro ya yi shekara huɗu a ƙaramar firamare kusa da gida, in ya ci jarrabawa a ɗauke shi zuwa babbar firamare, wadda sau da yawa ta kwana ce, ya yi shekara uku. Haka aka yi da Umaru, cikin 1962 ya tafi makarantar kwana ta Dutsin-ma, kudu da Katsina, yana ɗan shekara goma sha ɗaya. Ministan Ilmi na Jihar Arewa a lokacin, Alhaji Isa Kaita, shi ma Bakatsine ne, kuma yau kwalejin horon malamai da ke Dutsin-ma sunansa ta ke amsawa. Abin lura a nan shi ne, ɗan Minista ne, ubansa na zaune a Ikko inda makarantu masu tsada su ke, amma aka bar shi a makarantar lardi yana cin tuwon da 'ya'yan manoma su ke ci, yana sharar da su ke yi. Manyan wancan zamani haka su ke yi da 'ya'yansu, shi ya sa makarantun gwamnati suka yi kyau, don wanda ɗansa ke cikin aji ba ya barin rufin ajin ya yi yoyo.

Daga Dutsin-ma sai Kwalejin Gwamnati ta Keffi, wadda yau ta ke cikin Jihar Nasarawa, daga 1965 zuwa 1969. Tafiya ce mai nisa ga yaro ɗan Katsina, ya bar ƙasar rairayi da gero ya faɗa ƙasar duwatsu da doya, ya zauna ɗaki guda da 'ya'yan Tibi da Idoma da Nufawa da Yarbawan Ilori, Musulmi da Kirista. Da gangan Gwamnatin Arewa ta ke cakuɗa yara haka. Shekarun nan biyar kuwa ba na kwanciyar hankali ba ne. Yana farkon aji biyu aka yi juyin mulkin 15 ga Janairu, 1966, aka kashe Sardauna da Tafawa Ɓalewa, gwamnatin da ubansa ke ciki ta rushe dare ɗaya. Cikin 1967 yaƙin basasa ya ɓarke, wansa Shehu yana bakin daga. Duk wanda ya taɓa riƙe makarantar kwana ya san yadda irin wannan damuwa ke karya karatun yaro. Shi nasa bai karye ba, ya gama Keffi da sakamakon da ya ba shi damar wucewa babban aji.

Babban ajin nan shekara biyu ne, a zamanin shi ne ƙofar jami'a, a nan ne kuma ɗalibi ya ke rabuwa da sauran fannoni ya riƙe 'yan kaɗan ya zurfafa. Umaru ya yi nasa a Zariya, a makarantar nan da muka ambata, wadda aka kafa a Katsina cikin 1921 don horon malamai, aka mai da ita Kaduna cikin 1938, sa'an nan Zariya cikin 1949. Ya karɓi takardar shaidarsa cikin 1971, shekarar da aka sa mata suna Barewa. Watau ɗan ya zauna a makarantar da ubansa ya zauna, ko da ya ke bango da gari sun sake. A cikin malamanta na wannan lokaci akwai wani saurayi Bakatsine, jikan Sarki Dikko, mai koyar da tarihi, Malam Yusufu Bala Usman, wanda daga baya ya koma Jami'ar Ahmadu Bello ya zama jagoran masu ra'ayin 'yantar da talaka. Ra'ayinsa ya shiga Umaru ƙwarai, za mu kuwa ga inda ya kai shi. Mutanen Daura sun san sunan Bala Usman, don babbar kwalejin da ke garinsu sunansa aka sa mata.

To, a nan ne mu ke so masu karatu su tsaya su duba. Cikin 1972 Umaru ya shiga Jami'ar Ahmadu Bello, wadda a sa'an nan shekararta goma kacal da buɗewa. Zamani ne da kuɗin man fetur ya fara kwararowa, an yi sababbin jihohi, kowace tana neman 'ya'yanta masu digiri ido rufe. Ɗan Arewa da ya ci kimiyya a babban aji, ga shi ɗan tsohon Minista, ƙanen babban hafsan soja, ƙofofi da yawa a buɗe su ke gare shi, ko likita, ko injiniya, ko aikin mulki mai mota da gida. Shi kuwa sai ya ɗauki digirin da ya haɗa ilmin koyarwa da ilmin sinadarai, wanda a ke kira Kimistiri. Wannan digiri ba shi da wata manufa sai fitar da malamin sakandare. Mai yinsa kullum ƙafarsa ɗaya tana ɗakin gwaje-gwaje tare da 'yan kimiyya zalla, ɗaya tana Sashen Ilmi yana koyon halayyar yara, da dabarun koyarwa, da shirya darasi, da auna fahimtar ɗalibi. Kuma ba a ba shi takarda sai ya fita ya tsaya gaban aji na gaske, malaminsa na zaune a baya yana rubuta kurakuransa. Ɗalibai da yawa suna raina wannan hanya, suna ganin ta waɗanda ba su sami wuri a wani fanni ba ce. Mu a ganinmu ta fi wuya, don sanin abu dabam, iya sa ɗan shekara goma sha huɗu ya gane shi dabam.

Bari mu ɗan bayyana ilmin da ya zaɓa, don akwai masu zaton Kimistiri wani sihirin Turawa ne. Ilmi ne na sanin abin da aka yi kowane abu da shi, da yadda abubuwa su ke sakewa in sun gamu da juna. Uwayenmu suna aiki da shi tun kafin a ba shi suna. Matar da ta jefa kanwa cikin miyar yakuwa ta ga ta yi kumfa tsamin ya faɗa, ta haɗa abu mai tsami ne da kishiyarsa suka kashe kaifin juna. Wanda ya ɗiga ruwan kanwa cikin zoɓo zai ga jan ya juye ya yi duhu, in ya matsa lemon tsami jan ya komo. Wannan shi ne ainihin abin da a ke yi a ɗakin gwaji don a gane ko ruwa mai tsami ne ko kishiyarsa. Marinan Ƙofar Mata a Kano suna tsamo zane daga karofi yana kore-kore, iska na bugunsa sai ya koma shuɗi, don wani sashi na iskar ya haɗu da baban. Mai dafa sabulun salo da ruwan toka da mai, da maƙerin da ke narka tama da gawayi, duk aikin nan su ke yi. Abin da makaranta ta ƙara shi ne dalili da ma'auni. Malamin kirki shi ne wanda zai fara daga tukunyar uwar yaro ya kai shi ga littafi. Mu da mu ke zagayen makarantu muna yawan iske akasin haka, yara suna haddace sunayen sinadarai kamar karatun aku, kayan gwajin suna kulle cikin kabad don kada su fashe, ko kuwa babu su sam.

Ya gama cikin 1975, shekarar da ya auri Hajiya Turai, shekarar kuma da aka tuɓe Janar Gowon, Janar Murtala Muhammed ya hau. Shekara biyu kafin nan aka kafa dokar da ta wajabta wa duk mai sabon digiri ya yi wa ƙasa hidima ta shekara guda a wata jiha da ba tasa ba. Umaru sai aka tura shi Ikko, ya koyar a Holy Child College, makarantar 'yan mata ta 'yan Katolika da ke wajen Obalende. Ga Bafulatanin Katsina, Musulmi, ɗan gidan sarauta, yana koya wa 'yan matan Ikko kimiyya a makarantar mishan. Yana cikin wannan aiki, ran 13 ga Fabrairu, 1976, aka harbe Murtala a kan hanyarsa ta zuwa Barikin Dodan, wanda ba shi da nisa da makarantar. Janar Obasanjo ya gaje shi, aka kuma ɗaga Shehu 'Yar'aduwa daga Laftanar-Kanar zuwa Birgediya, ya zama na biyu a ƙasa duka.

Yanzu sai a duba. Saurayi ɗan shekara ashirin da biyar, wansa uwa ɗaya uba ɗaya shi ne na biyu a Nijeriya, a lokacin da kuɗi ya yi yawa har gwamnati ta rasa yadda za ta yi da shi. Da ya so muƙami ko kwangila, da kalma guda ta isa. Da ya gama hidimar ƙasa sai ya komo Arewa ya kama koyarwa a Kwalejin Fasaha da Kimiyya da ke Zariya, daga 1976 zuwa 1979, duk tsawon mulkin wan nasa yana cin albashin malami. Shekarar da ya fara ɗin ita ce aka buɗe shirin ilmin firamare kyauta ga kowa, yara suka cika makarantu maƙil, aka rasa malamai, na kimiyya kuwa sai an tona, har jihohin Arewa suka riƙa ɗauko su daga Indiya da Pakistan da Gana. Kowane ɗan ƙasa da ya tsaya cikin aji a wannan lokaci ya toshe babban giɓi.

Cikin 1978 ya koma jami'a neman digiri na biyu, ya ɗauki fannin awo da tantancewa na ilmin sinadarai. Fanni ne mai tambaya biyu rak: mene ne cikin wannan abu, kuma nawa ne? Shi ne ke faɗin ko ruwan rijiya zai shawu, ko takin da aka sayar wa manomi na gaske ne ko yashi ne, ko ƙwayar magani tana ɗauke da abin da aka rubuta a kwalinta. Da irin wannan awo aka gano dafin da funfuna ke bari cikin gyaɗa, bayan da talotalo wajen dubu ɗari suka mutu a Ingila cikin 1960, abin da ya sa masu sayen gyaɗa a Turai suka tsananta bincike. Da shi kuma aka gano cikin 2010 cewa gubar dalma ce daga duwatsun zinariya ta ke kashe ɗaruruwan yara a ƙauyukan Zamfara. Aikin kansa na haƙuri ne. Mai awo yana sakin ruwan sinadari ɗigo-ɗigo daga wani dogon bututun gilashi mai zane-zanen ma'auni, idonsa na kan kwalba, sai launi ya juya ya tsaya ya rubuta. Ba ya yarda da awo ɗaya, sai ya maimaita har sakamako ya yi daidai da juna. Babban laifi a wurinsu shi ne mutum ya rubuta abin da ya ke so ya gani maimakon abin da ya gani. A riƙe wannan, za mu komo kansa.

Daga 1979 ya koma gida yana koyarwa a babbar makarantar kimiyya da fasaha ta Katsina, wadda yau a ke kira da sunan Hassan Usman Katsina. Siyasa kuwa ta dawo, a nan ne tarbiyyar Bala Usman ta fito fili. Uban yana cikin manyan jam'iyyar NPN ta Shagari, ɗan kuwa ya bi PRP ta Malam Aminu Kano, jam'iyyar talakawa, magajiyar NEPU wadda ta yi ta fama da sarakuna da En'e. A Katsina, inda ɗa ba ya ɗaga ido ya dubi ubansa, wannan ba ƙaramin abu ba ne. PRP ce ta ci gwamnan Jihar Kaduna, wadda Katsina da Daura su ke ciki a lokacin, har majalisa ta tsige Alhaji Balarabe Musa cikin Yuni 1981.

Cikin 1983 Malam Umaru ya bar koyarwa, ya zama manajan gonar Sambo a Funtuwa, ya riƙe ta har 1989, ya kuma shiga hukumomin kamfanoni dabam-dabam. In an haɗa da shekarar Ikko, shekara takwas ke nan ya yi da alli a hannu. Mu malamai ba za mu ɓoye ba, wannan wuri yana yi mana ciwo. Mutumin da ya zaɓi aikin da kansa, ya ƙi barinsa sa'ad da wansa ke kan mulki, ya ƙaro ilmi dominsa, shi ma a ƙarshe ya fita yana da shekara talatin da biyu, daidai lokacin da malami ya ke nuna. Ba mu ga laifinsa ba. Kuɗin mai ya faɗi, gwamnatoci sun shiga tsuke bakin aljihu, malaman jihohi da yawa suna wata da watanni babu albashi. Rijiyar da ba a yasarta, ko mai ita ma wata zai nema. Har yau haka mu ke asarar malaman kimiyya, a horar da goma, kafin shekara goma ta zagayo mafi yawansu sun watse cikin banki da kamfani da siyasa.

An cire Jihar Katsina daga Kaduna ran 23 ga Satumba, 1987, ta ƙunshi masarautu biyu, Katsina da Daura. Malam Umaru ya shiga majalisar tsara tsarin mulki ta 1988, ya bi ƙungiyar siyasar wansa zuwa cikin jam'iyyar SDP, ya nemi gwamna cikin 1991, Alhaji Sa'idu Barda na NRC ya kayar da shi. Sa'an nan masifa ta auka wa gidan: gwamnatin Janar Abacha ta ɗaure Shehu cikin 1995, ya rasu a kurkukun Abakaliki ran 8 ga Disamba, 1997. Da mulkin farar hula ya komo, Malam Umaru ya ci zaɓe ƙarƙashin PDP, aka rantsar da shi Gwamna ran 29 ga Mayu, 1999, aka sake zaɓensa cikin 2003.

Farkon abin da ya sa aka san shi a wajen jiharsa shi ne ya bayyana wa jama'a dukiyar da ya mallaka, abin da doka ba ta tilasta masa ya yi a fili ba. An san shi da riƙon kuɗin gwamnati, har masu neman a ba su suna ce masa marowaci. Jinin Matawalle ne. Inda hannunsa ya fi sakewa shi ne wajen makarantu, ya gyara tsofaffi ya gina sababbin ajujuwa, a ƙasar Katsina da ta Daura. Cikin 2006 ya kafa jami'ar jiha, wadda daga baya aka sa mata sunansa. Yana kan kujerar ne Sarkin Daura Alhaji Muhammadu Bashar, wanda ya ke sarauta tun 1966, ya rasu cikin Fabrairu 2007, aka naɗa Alhaji Umar Faruk Umar. Amma gini abu ne mai sauƙi a kan samar da malami. Ajin bene in babu wanda ya san abin da zai koyar a ciki, inuwa ce kawai, wannan matsala kuwa shekara takwas ɗinsa ba su kawar da ita ba.

Zaɓen Shugaban Ƙasa na 21 ga Afrilu, 2007 ya zama kamar na cikin gida, don manyan 'yan takara biyu jiha guda suka fito. PDP ta tsai da Malam Umaru bisa goyon bayan Obasanjo, ANPP ta tsai da Janar Muhammadu Buhari, mutumin Daura, wanda ajinsu ɗaya da Shehu 'Yar'aduwa a sakandaren lardi ta Katsina. Hukumar zaɓe ta ba Malam Umaru ƙuri'a fiye da miliyan 24, Buhari miliyan 6 da 'yan kai. Masu sa ido na gida da na waje suka ce zaɓen cike ya ke da maguɗi, gaskiya kuwa suka faɗa. Ran 29 ga Mayu aka rantsar da shi, ya zama zaɓaɓɓen Shugaba mai cikakken iko na farko da ya ke da digirin jami'a, mataimakinsa Dokta Goodluck Jonathan shi ma masanin ilmin dabbobi ne, tsohon malami. A cikin jawabinsa na ranar, gaban duniya, ya amsa cewa zaɓen da ya kawo shi yana da aibi. Ba mu ce ɗakin gwaji ne kaɗai ya koya masa wannan ba, gidan da ya fito ma yana da nasa rabo. Amma mutumin da aka horar ya rubuta abin da ma'auni ya nuna ko da bai yi masa daɗi ba, mun ga alamarsa a wannan rana.

Ya kafa kwamitin gyaran zaɓe ƙarƙashin tsohon Babban Jojin Ƙasa, Mai Shari'a Muhammadu Lawal Uwais, ya sake bayyana dukiyarsa, wadda ta kai wajen Naira miliyan 856, ya soke cinikin matatun mai na Kaduna da Fatakwal, ya rage kuɗin fetur. Ƙarar da Buhari ya kai ta je har Kotun Ƙoli, cikin Disamba 2008 alƙalai huɗu suka tabbatar da zaɓen, uku suka ƙi. Babban aikinsa shi ne afuwar da ya yi wa 'yan bindigar Neja Delta cikin Yuni 2009, dubbai suka ajiye makamai, man da ya ragu ya komo. Jaridun Ikko kuwa suka laƙaba masa suna mai ma'anar tafiyar hawainiya, don ba ya sa hannu a takarda sai ya juya ta ya sake juyawa. Halin mai awo ne, amma ƙasa ba kwalba ba ce da za ta jira ɗigo-ɗigo, wutar lantarkin da ya yi alkawari ba ta samu ba.

Akwai kuma abubuwan da ba za mu rufe ba don muna ƙaunarsa. Kwamitin Uwais ya ba da shawara a cire naɗin shugaban hukumar zaɓe daga hannun Shugaban Ƙasa, gwamnatinsa ta ƙi wannan, alhali kuwa ita ce zuciyar gyaran. Cikin Yuli 2009 aka murƙushe tarzomar Boko Haram a Maiduguri, aka kashe shugabansu Muhammadu Yusuf yana hannun 'yan sanda ba tare da shari'a ba, wutar da ta biyo baya kowa ya san ta. A wannan shekara kuma malaman jami'o'i suka yi yajin aiki na wajen wata huɗu, a zamanin Shugaban da shi kansa malami ne. An sa hannu a yarjejeniya cikin Oktoba 2009, rashin cika ta kuwa shi ya jawo yaje-yajen da suka biyo baya, har da na wata takwas cikin 2022.

Tun yana Gwamna ya ke fama da ciwon ƙoda, ko cikin yaƙin neman zaɓen 2007 sai da aka kai shi Jamus. Ran 23 ga Nuwamba, 2009 aka tafi da shi asibiti a Jidda saboda kumburin tantanin da ya lulluɓe zuciya. Ya tafi ba a aika wa Majalisar Tarayya takardar miƙa aiki ga mataimakinsa ba, ƙasa ta zauna fiye da wata biyu babu mai sa hannu, na kusa da shi suna ɓoye halin da ya ke ciki. Mutumin da ya yi ta kiran a bi doka, sai ga shi a ƙarshe an yi amfani da sunansa an tauye ta. Ran 9 ga Fabrairu, 2010 Majalisa ta mai da Jonathan Muƙaddashin Shugaba bisa hujjar larura, daga baya kuma aka gyara tsarin mulki, aka ce in Shugaba ya yi kwana 21 bai aika da takarda ba, Majalisa na iya ba mataimakinsa riƙo.

An komo da shi Abuja cikin dare ran 24 ga Fabrairu, jama'a ba su sake ganinsa ba. Ya rasu a fadar Shugaban Ƙasa ran 5 ga Mayu, 2010, yana da shekara 58. Allah ya jiƙansa, ya gafarta masa. Kashegari aka kai shi Katsina, aka yi masa salla, aka rufe shi a maƙabartar Ɗanmarna. Mahaifiyarsa Hajiya Dada, wadda ta ga rasuwar Shehu ta kuma ga tasa, ta rayu bayansa shekara goma sha huɗu, ta rasu a Katsina cikin Satumba 2024.